Laddu a Bakin Mai Ra'ayi

A unguwarmu da ke birnin Indore babu abin da zai faru a ƙasar nan, daga zaɓe har farashin tukunyar gas, da ba za a ji ta bakina ba, ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba. Sunana Harinarayan Chourasia. Tun da na yi ritaya daga ofishin jirgin ƙasa na mai da gyaran Indiya sana'a. Da safe in gyara ta a bencin mai shayi, da yamma in zauna gaban talabijin ina taya masu muhawara ihu. Su ba sa sauraron juna, balle ni. Matata Sushila takan ce da surutu na sauke farashi, da tuni kyauta muke cin tumatir.

'Yarmu ɗaya ce tilo, Mitali. A wurin aiki ta haɗu da Tanmay, yaro mai sanyin hali, kuma ranar Lahadi iyayensa za su zo daga Ratlam su gan mu. Kowa ya san in zaman nan bai yi daɗi ba maganar aure ta mutu, don yaron ba zai tsallake maganar ubansa ba.

Da safen ranar Mitali ta riƙe hannuna. "Papa, ka yi min alkawari. Ba gwamnati, ba 'yan adawa, ba talabijin. Kuma na roƙe ka, ba albasa."

"Me albasa ta yi?"

"Ita babansa yake nomawa."

Tun da albasa ta yi tsada nake shelanta wa duniya cewa manyan manoma ne suka ɓoye ta, har na hana a saye ta a gidana don su ji a jikinsu.

Sushila ta leƙo daga kicin. "Baban Mitali, yau in ka buɗe baki, shayi kawai zai shiga."

Na yi alkawari, raina a ɓace. Abin da ya sanyaya min zuciya shi ne, a ƙarshe dai ni za a jira. A wurinmu farantin laddu, dunƙulen alawar nan mai ruwan ɗorawa, yana zama a tsakiya ba mai taɓawa sai iyaye maza sun ce sun amince, sannan a sa wa juna a baki. Kafin nawa laddun ya shiga bakina kuwa na tanadi jawabi a kan aure da tarbiyya da makomar ƙasa, har na gwada shi gaban madubi ina aski.

Baban Tanmay, Dinkar Patidar, ƙaton mutum ne mai gashin baki, matarsa Shakuntala 'yar ƙarama mai saurin ido. Muka yi maganar zafi, da hanya, da gwiwata. Na daure kamar mai riƙe fitsari. Sai aka kawo poha, shinkafar nan da ake dakewa ta yi fale-fale, wadda a ƙa'ida da albasa ake soya ta. Patidar ya juya cokali a ciki ya yi dariya.

"Af, mutanen birni kun daina cin albasa ne?"

Ya sosa min inda yake min ƙaiƙayi.

"Patidar-ji, wa zai ci albasa yanzu in ba mai sayar da zinariya ba? Wasu sun kulle ta a rumbu suna jira mu yi kuka."

"Wasu su wa?"

"An nuna a talabijin."

"Talabijin!" Ya dire faranti. "Bara da muka zubar da ita a bakin titi don ko kuɗin mota ba ta fitar ba, ina talabijin ɗin naku yake? Ku 'yan fansho, so kuke manomi ya cika muku ciki, shi ya kwana da yunwa!"

Ya fara laluben takalminsa da ido. Tanmay ya sunkuyar da kai. Mitali tana bakin ƙofa riƙe da tiren shayi. Na ga fuskarta, na san abin da nake shirin rusawa. Amma yatsana ya riga ya tashi sama, kuma amsar da ta zo min ta yi daɗi da yawa. Na wage baki.

"Bari in gaya maka gaskiyar manoman..."

Ban san lokacin da Sushila ta iso ba. Laddu guda cur ta cusa min, har da dannawa da babban yatsa.

Sai Shakuntala ta tafa hannu. "Kai, madalla! Sun amince! An sa zaƙi a baki!" Ta wawuri wani laddun ta toshe bakin mijinta da shi kafin ya miƙe. Ko da gaske ta ɗauka amincewa ce? Ni dai na ga kallon da matan nan biyu suka yi wa juna.

Muka zauna ni da Patidar muna harara, kumatu a kumbure kamar birai a gonar gyaɗa. Ba a tofar da laddun amincewa. Tanmay ya durƙusa ya taɓa ƙafafuna don neman albarka, hannuna ya hau kansa da kansa. Da za su tafi Patidar ya rungume ni har ƙashina ya yi ƙara, ya raɗa min, "Ba mu gama ba, Chourasia-ji." Na ce ina nan ina jira.

Da gida ya yi shiru Mitali ta zo ta zauna kusa da ni. Talabijin na kunne, ta kashe.

"Papa, kowa ya yi magana ban da kai. Kai mene ne ra'ayinka?"

Tun da na yi ritaya nake jiran wani ya yi min tambayar nan. Na nemi jawabina na rasa ko kalma ɗaya. Abin da ya zo min kawai shi ne yarinyar nan tafiya za ta yi, kuma saura ƙiris in sa ta rasa wanda take so saboda in ci gardama. Kunya da kewa suka rufe ni, idona ya cika.

"Kuka kake yi, Papa?"

"Albasa ce," na ce.

Ta kwantar da kanta a kafaɗata. "Papa, ai kai ka hana a shigo da albasa gidan nan."