Dama a Kan Hagu

Tun shekara ta 719 doka ta zauna a ƙasarmu cewa mai rai yana ɗora gefen hagu na rigarsa a kan na dama. Gawa kaɗai ake ɗora wa dama a kan hagu. Ibuki Sadakichi bai san shekarar ba, amma hannunsa bai taɓa saɓa dokar ba.

Shi ne mai shirya 'yan wasa a wani gidan fim na unguwar Uzumasa, a Kyoto. A 1958 muka yi aiki tare a wani fim na samurai, mayaƙan dā masu takobi, wanda daga baya ya yi suna, ni mai ba da shawara kan tarihi, shi mai sa riga da ɗaura ɗamara. Bai gama firamare ba, amma sau biyu ya gyara mini yadda ake ɗaure igiyar kube, kuma da na koma littattafai na tarar shi ke da gaskiya. Malam Takarda yake kirana.

A 1987 kamfanin ya yi niyyar fitar da fim ɗin a kaset na bidiyo. Suka roƙe ni in duba kaset na gwaji, in rubuta bayanin bayan kwali. Ba ni da na'urar a gida, kuma na kalli fim ɗin fiye da sau ashirin a silima. Na rubuta bayanin, na buga hatimina, ban kunna kaset ɗin ba.

Ashe wajen kwafa wani ya sa guntun fim a baibai. A minti na arba'in da bakwai, inda jarumin yake fitowa daga gidan ubangidansa, hoton ya juye kamar a madubi: takobi ya koma kugun dama, riga ta koma dama a kan hagu. Daƙiƙa arba'in ke nan.

Wata mujallar masu son fim ta buga hoton, ta ce mai tufafin ya yi wa jarumi likkafani da ransa, ta kuma ambaci sunansa. A gidan wankan unguwa tsofaffi suka riƙa tambayarsa ko yana da lokaci ya zo ya shirya musu surukarsu kamar yadda ya shirya jarumin. Ya daina zuwa.

Da na ziyarce shi, 'yarsa Sumie ta kunna mana wurin har sau uku. Ya nuna mini tabon kuncin jarumin, wanda shi ma ya yi ƙaura zuwa ɗaya kuncin. Sannan ya juya kwalin.

"Malam Takarda, ni ban iya rubuta wa mujalla ba," in ji shi. "Kai da ka iya, sunan wa ke nan ƙasa?"

Na aika wa kamfanin wasiƙa huɗu. Wani jami'insu, Tokunaga, ya karɓe ni da shayi da sunkuyawa, ya ce za a gyara a bugu na gaba, ya kuma tuna mini cikin ladabi cewa da hatimina suka dogara. Mujallar ta yarda ta wanke Sadakichi idan na bayyana da sunana yadda kuskuren ya wuce ni. A lokacin na yi shekara talatin da ɗaya ina koyarwa a jami'a, an san ni da rashin yafe wa ɗalibi kuskuren kwanan wata. Na rubuta bayanin da mujallar ta nema a yini ɗaya. Na shafe wata biyar ina gyara jimlolinsa.

Sadakichi ya rasu ran tara ga Fabrairu, 1988, takardar tana aljihuna.

Ina wurin lokacin da ake sa masa farar rigar tafiya. Sumie ta ce ita za ta rufe gaban da kanta. Hannunta, wanda uban ya horar tun tana ƙarama, ya ɗora hagu a kan dama. Mai shirya gawa ya matso, ya yi mata raɗa. Ta tsaya jim, ta warware, ta ɗora dama a kan hagu, ta shafe ƙirjin har ya kwanta. Sai ta ɗago ta dube ni a gaban jama'a.

"Malam, kai ne masani. Ka duba da idonka wannan karon. Daidai ne?"

Na duba. Na ce daidai ne.