Kurar da Ba Ta Iya Gaisuwa

Ina tura kurar, buhun masara huɗu a kai, ita kuma Zaituna tana biye da ni da littafinta. Shekara arba'in da ɗaya ina dako a bodar Magama. Mota ta taɓa bi ta kaina, 'yan bindiga sun tare ni a hanyar Riko, an rufe boda an buɗe, ina nan. Amma ban taɓa ganin mai digiri irin wannan yarinya ba. Komai ka tambaye ta sai ta ce, "Ban sani ba tukuna, Baba Zunnu."

Ita ta zana sabuwar kurar, aka ƙera a Katsina. Ba nauyi, ga birki a hannu. Sai dai ta cire ƙafafun nan biyu na baya da kura ke zama a kansu, wai sun ƙara nauyi. Ta tambayi 'yan dako talatin ko muna hutawa a hanya, duk muka ce a'a. Ni har rantsuwa na yi. Ina ni ina hutu?

Gaisuwa dai nake yi, don ni mutum ne mai jama'a. Daga inda tirela ke sauke kaya zuwa motocin Maraɗi, wuri bakwai nake tsayawa. Da tsohuwar kurata, in na aje ta sai in ɗora ɗuwawu a hannunta mu gaisa. Wannan kuwa in ka saki sai ta kife. Haka na riƙa gaisawa a tsaye, kaya a hannu.

A sawu na uku gwiwata ta hagu ta fara rawa. Ba ciwo ba ne, ta dai ɗan yi gardama. Matsalar ita ce Mujahid, shugaban 'yan dako, ya ce duk wanda ƙafarsa ta gaza ya koma gida, kada buhu ya danne shi a ce laifin shugaba ne. Yana can gindin bedi yana kallonmu.

Na tsaya gaban rumfar Ilu mai shayi. "Salamu alaikum, ina gajiya?"

Zaituna ta leƙa. Ba tebur, ba buta, sai akuya kwance.

"Baba, wa kake gaisarwa?"

"Ilu mana."

"Yana ina?"

"Ya koma Maraɗi bara waccan. Don mutum ya tashi sai a daina gaida wurinsa?"

Ta dubi ƙafata, ta dubi rumfar, ta juya ta ƙirga wuraren da na tsaya da bakin birona da ta ara. To, nata ne, amma ni na tsince shi da ya faɗi. Na ce a raina yau Zunnuraini ka koma noman gero.

Mujahid ya taso. "Malama, ya kura? Na ga tsohon nan yana ta tsaye-tsaye. Ƙafar ce ko?"

"Ƙafar wa?" na ce. "Zo mu yi tsere."

"Bari ta yi magana, Baba."

Zaituna ta rufe littafin. "Ban sani ba tukuna. Abin da na gani dai, kurata ba ta iya gaisuwa. A ce wa maƙeri ya dakata da sauran kura ashirin ɗin da yake ƙerawa."

"Ai kin ce gobe za a fara rabawa."

"Na ce. Sai na sake bin kowa a ƙafa, har kai."

Mujahid ya sosa ƙeya. Shi wuri tara yake tsayawa, na sani, na ƙirga.

Da ya tafi ta tsuguna ta zana ƙafafu biyu, da ɗan katako a tsakanin hannuwan kurar.

"Baba, tsayin nan zai yi wa mai gaisuwa?"

Na duba da kyau. "Rage kaɗan, ɗiyata. Ba don ni ba. Akwai tsofaffi a cikinmu."