Awa Uku na Saman Bene

Shekara ashirin da shida ina koyarwa a sashen ilmin taurari na jami'armu, kuma duk tsawon lokacin nan kwas ɗaya ne nake kira nawa. Ina ɗaukar wasu in an rasa mai ɗauka, amma na kaina shi ne na 'yan aji biyu, Awon Rana a Aikace. Awa ɗaya a mako muna aji ina surutu, awa uku muna saman bene da tsakar rana. Akwai tsohuwar na'urar hangen nesa a can, cikin wani ɗan ɗaki na kwano. Ba a leƙa rana da ita, sai in mutum ya gaji da idonsa. Ana saita ta ne ta zubo hoton rana a kan farar takarda, ɗalibi ya bi baƙaƙen tabban da ke jikinta da fensir, ya auna, ya dawo wani mako ya tarar sun matsa. A nan yaro yake gane cewa rana tana juyawa, ba don na faɗa masa ba.

Duk shekara biyar ake sabunta manhajar digirinmu. Kwamiti ya zauna, a duba kwasa-kwasan da suka wajaba a kan ɗalibi da waɗanda zai zaɓa, a ƙara wannan a rage wancan, majalisar jami'a ta sa hannu, sai kuma wata biyar ɗin. A zagayen bana an zo da sabon kwas na sarrafa bayanan taurari da kwamfuta, kuma kowa ya yarda dole ne ya zama wajibi. Ni ma na yarda, ba ƙauyanci gare ni ba. Matsalar ita ce jimillar yunit ɗin digiri a ƙayyade take. In wani ya shigo, sai wani ya fita.

Ba wanda ya ce mini komai. Daga shirun na gane. In na shiga ɗakin malamai da kofin shayina, sai a koma hirar mota. Dogo, matashin malamin da ya kawo sabon kwas ɗin, ya soma gaishe ni da ladabin da ya wuce kima, har da riƙe mini ƙofa. Mutum ba ya riƙe maka ƙofa haka kawai.

Sai na ɗaura ɗamara. Saura shekara uku in yi ritaya, kuma na san in kwas ɗin ya koma na zaɓi, ya mutu. Wane ɗalibi ne zai zaɓi ya tsaya a rana awa uku alhali ga ɗaki mai sanyi? Na rubuta wa tsofaffin ɗalibaina arba'in in ji ko saman benen ya amfane su. Biyar suka amsa, ɗaya daga ciki ma ya ɗauka takardar shaida nake nema masa. Na haɗa abin da na samu, na rubuta jawabi shafi tara.

Ba ni da wanda zan karanta wa. Maigidana ya rasu shekara huɗu da suka wuce, shi ne mai sauraron irin wannan, yana gyangyaɗi yana cewa "gaskiya ne". 'Yata tana aure a nesa. Da ta kira ranar Lahadi na fara mata bayani, na ji jaririnta yana tsala ihu a bayanta.

"Umma, wai ba hutu za ki samu ba in sun cire shi?" in ji ta. "Ke da gwiwarki, kullum hawa bene."

Na ce haka ne. Da muka gama na tsaya a kicin na karanta wa tukwane shafi taran nan daga farko har ƙarshe.

Ranar taron kwamitin mu bakwai ne a teburin. Shugaban sashe ɗalibina ne a da, a hannuna ya fara riƙe fensir a saman benen nan, yana kuskuren gabas da yamma. Yanzu ga shi da furfura a gemu. Dogo ya fara magana, ya nuna cewa akwai na'urori a sararin samaniya da ke ɗaukar hoton rana dare da rana, kowa zai iya saukewa a wayarsa. Bai ambaci sunan kwas ɗina ba. Da ya zauna na miƙe na fara karanta jawabina.

Ban gama shafin farko ba Shugaba ya ɗaga hannu.

"Malama, don Allah ki zauna. Ba wanda zai taɓa kwas ɗinki. Mun riga mun daidaita, za a haɗe kwas biyu na lissafi su zama ɗaya, wurin ya samu."

"Yaushe kuka daidaita?"

Ya sosa ƙeya. "Wancan makon, a tsaitsaye. Ba mu so mu dame ki ba ne."

Na zauna. Na yi murna, ba zan yi ƙarya ba, amma murnar ta zo da wani abu mai ɗaci. Mako uku ina wasa wuƙa, ashe ba wanda ya zo faɗa. Sun yanke hukunci a kaina a bakin ƙofar wani ofis, cikin tausayi, ba tare da ni ba. Na ninke sauran shafi takwas na tura cikin jaka.

A sashenmu akwai ƙa'ida mai kyau: kafin a tura manhaja sama, kowane malami sai ya duba layin kwas ɗinsa ya sa hannu a gefe. Bayan kwana biyu sakataren sashe ya kawo mini takardar ofis. Dogon tebur ne mai ƙananan rubutu: lambar kwas, suna, awannin lacca, awannin aikin hannu, yunit, sannan gida na ƙarshe, wajibi ko zaɓi. Na bi da yatsa na sami layina, idona ya tsallake kai tsaye zuwa ƙarshe. Wajibi. Na duba yunit, biyu, yadda yake tun fil azal. Na sa hannu da babban rubutu, har na tsokani sakataren cewa ya yi ƙiba.

Majalisa ta amince. Aka buga littafin manhaja mai sheƙi, aka raba wa ɗalibai. Aka tafi dogon hutu aka dawo.

Da jadawalin sabon zango ya fito, na tsaya gaban allon sanarwa ina neman awannina na tsakar rana. Na ga Litinin ƙarfe takwas na safe, aji na ƙasa. Na ga Laraba ƙarfe takwas na safe, aji na ƙasa. Ban ga komai ba kuma. Na tafi wurin mai tsara jadawali da faɗana a baki. Ya buɗe littafin manhaja ya juyo mini da shi. Awannin lacca, biyu. Awannin aikin hannu, sifili.

Na sake bin layin da yatsa. A lissafinmu awa ɗaya ta lacca yunit ɗaya ce, awa uku na aikin hannu su ma yunit ɗaya. Ɗaya da uku, yunit biyu. Biyu da sifili, shi ma yunit biyu. Jimilla ta fita daidai, shi ya sa ba idon da ya tsaya a kai, daga kwamiti har majalisa. Sakataren ya yi abin da ya saba, ya kwafo layin da ke sama da nawa ya canja lamba da suna. Ni kuwa da aka kawo wa don in kama irin wannan, ina can ina kallon gida ɗaya.

Na shiga ofishin Shugaba ba sallama.

"Kuskuren bugu ne," na ce. "A gyara."

Ya ciro takardar asali daga durowa ya daɗe yana kallonta. Ga sa hannuna nan a gefe, ya fi na kowa girma.

"Malama, wallahi ban gani ba. Amma abin da majalisa ta amince da shi ke nan. Gyara sai ya bi ta kwamitin tsangaya, ya koma majalisa, kuma kin san ba sa buɗe manhaja saboda layi ɗaya. Za su ce a jira zagaye na gaba."

"Shekara biyar."

"Zan rubuta, in Allah ya yarda. Amma ko an gyara, awannin tsakar ranar an riga an ba ɗakin kwamfuta." Ya yi ƙasa da murya. "Ai dai kwas ɗin yana nan, Malama. Kuma wajibi ne."

Na so in yi masa tsawa kamar lokacin da yake ɗan aji biyu, amma wa zan ɗora wa laifi? Na ce masa na gode, na ja ƙofar a hankali.

Ranar Litinin ajin ya cika maƙil, ɗalibi sittin da huɗu, tunda dole ce ta kawo su. Na zana da'ira a allo na ce wannan rana ce. Na ɗiga mata tabo uku da alli. Suka kwafa tsaf a littattafansu, har da inda hannuna ya karkace. Kafin a tashi na ce musu duk mai so ya same ni a saman bene ranar Alhamis ƙarfe sha biyu, zan nuna masa ta gaskiyar.

Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu. "Malama, akwai maki?"

"Babu."

"Zai fito a jarrabawa?"

"Ba zai fito ba."

"To ai lokacin muna ɗakin kwamfuta," in ji wani daga baya. Ba da rashin kunya ya faɗa ba, gaskiya ce kawai.

Ranar Alhamis na hau duk da haka, ina hutawa a kowane hawa saboda gwiwa. Na buɗe ɗakin kwanon, na jawo na'urar, na goge ƙurar hutu, na fere fensir goma ko da wani zai zo. Sama tas take, ba gajimare ko ɗaya. Hoton ya sauko a kan takarda, fari fes, ga wani babban gungun tabbai kusa da gefe, irin wanda na shekara ban ga kamarsa ba. Na juya da sauri in ce a zo a gani. Ba kowa a bayana sai tankin ruwa.

Na jira har sha biyu da rabi. Daga ƙasa ina jin ƙarar na'urorin sanyaya ɗakin kwamfuta.

Aikin nan na mutum biyu ne. Rana ba ta tsayawa, saboda haka ɗaya yana murɗa na'urar a hankali yana bin ta, ɗaya yana zane. Kullum ni ce mai murɗawa, ɗalibi ne mai fensir. Na gwada haɗa biyun ni kaɗai. In na kai hannu na saita, na sunkuya in zana, kafin in gama tabo ɗaya hoton ya zame ya bar layin. Na sake saitawa, na goge, na sake. Sau biyar ina yi, takardar ta yi baƙi da shafar roba.

Daga nan na ajiye fensirin. Na cire hannuna daga kan na'urar, na zauna a kan kujerar ɗalibi, ina kallo har ranar ta gama ficewa daga takardar.