Hannuwan Likita Obadiya

"Keziah, da idonki kika gani, ko gaya miki aka yi?"

Baba Zacchaeus, dattijon coci, ya sake tambaya yana share zufa. Gawar Likita Obadiya na kwance a ɗaki tun safe, ga motar da za ta kai shi ɗakin ajiyar gawa a ƙofa, amma bakin Keziah ya tsayar da komai.

"Na gan shi, Baba. Kowace safiya yana wanke hannu har gwiwar hannu, kuma ya ɗaga su sama. Wata biyu ke nan. Ni ban ce ya tuba ba fa. Ni dai na ce abin da na gani."

Ita ce maƙwabciyar Likita a unguwar Kachalla Sembe, ita ke kai masa abinci tun da matarsa ta rasu, don ba su haihu ba. An ce shi ne na farko daga wannan yanki da ya buɗe ƙirjin mutum ya gyara zuciya, mutumin kuma ya tashi ya ci tuwo. Keziah dai tsoho ta sani mai mitar gishiri ya yi yawa a miya, wanda a ƙarshe har sunanta ya riƙa ɓace masa.

Yanzu ga tsakar gida ta rabu biyu. Maƙwabta Musulmi na cewa in dai alwala yake yi a ɓoye, to haƙƙinsu ne su sallace shi kafin la'asar. 'Yan coci na cewa shekara nawa yana zama a bencin gaba. Kowa kuma ita yake kallo. Tsoro ya cika ta, kada ta sa a kai bawan Allah inda bai zaɓa ba.

Ana cikin haka wata mata mai farin mayafi ta shigo, ta gaisa, ta ce sunanta Ruwaida, likita ce, a hannun marigayin ta koyi aiki. Da ta ji abin da ake ciki sai ta juyo.

"Mama, nuna mini yadda yake yi."

Kunya kamar ta nutse, Keziah ta tsuguna gaban bokiti. Ta cuɗa yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta goge farce, ta gangara zuwa gwiwar hannu. Sannan ta miƙe, hannuwa a sama, ruwa na ɗiga.

"Yana wanke fuska? Ƙafa fa?"

"A'a. Sabulu dai yana cinyewa kamar me. Ƙofa ma da baya yake turawa."

Ruwaida ta yi 'yar dariya, dariyar ta karye ta koma kuka.

"Ba alwala ba ce. Ɗakin tiyata yake shirin shiga. Haka ya koya mana, duk wanda ya gaggauta sai ya maida shi famfo."

Baba Zacchaeus ya sauke numfashi. Maƙwabta suka ce to madalla, Allah ya ba da haƙuri, wasunsu ma suka kama ɗauko benci. Keziah kaɗai ce ba ta motsa ba.

"To in ya shiga ɗaki, yakan tsaya shiru, hannu a sama, yana kallona. Ni kuma sai in fita, kar in ɓata masa addu'a. Me yake jira?"

Ruwaida ta share hawaye.

"Safar hannu, Mama. Wani ne ke saka masa."

Sai yanzu Keziah ta gane. Wata biyu tsohon na jiranta, ita kuwa tana ja masa ƙofa a hankali don ladabi.

A cikin kayan da matan zumuntar coci suka haɗa na suturar gawa akwai farar safar hannu. Keziah ta ɗauko ta. Baba Zacchaeus ya ce ai sai ranar biso ake sawa. Ba ta ko waiwaye shi ba. Ta shiga ɗakin, ta zauna a bakin gado, ta ɗago hannunsa na dama da ya yi sanyi, ta soma zura yatsun ɗaya bayan ɗaya, direba na ta danna hon a waje.