Hatimin "Na Gani"

Ni na kawo shawarar littafin saƙo a makarantarmu, kuma har yau idan aka yi baƙi, Mai makaranta takan nuna ni ta ce, "Ga mai basirar nan." Sai in yi murmushin yaƙe in sunkuyar da kai, su ɗauka kawaici ne. Nadama ce ke cina. Ta littafin nan na rasa wata ɗaliba, kuma babu wanda zan ɗora wa laifin sai kaina.

Kafin littafin, makarantarmu kamar kasuwa take da safe. Makarantar kuɗi ce, don haka kowane uba gani yake ya sayi malama haɗe da kujerar ɗansa. Ina tsaka da lissafi a aji huɗu sai in ga kai ya leƙo ta taga: "Malama, jiya an musanya wa yarona takalmi ƙafa ɗaya." Wata ta tare ni a bakin famfo, wani a wurin mai kayan miya, har a layin asibiti an taɓa tsare ni da maganar fensir. Ni kuma Allah bai hore min haƙuri mai yawa ba. A taron iyaye da malamai na miƙe na ce a riƙa rufe get da ƙarfe takwas, a ba kowane yaro littafi mai shuɗin bango, uwa ta rubuta damuwarta, malama ta karanta ta amsa. Na ƙara da cewa, "Don Allah kada a sake tare malami a hanya da maganar makaranta. Komai a rubuta." Aka tafa min, kaina ya kumbura.

A layin gaba a ranar akwai telar da ke ɗinka mana yunifom. Shagonta yana kallon get ɗinmu, taku talatin ma bai kai ba. Maman Auta muke ce mata, don autarta tana ajina. Na ga tana gyaɗa kai, na ce a raina ga uwa mai ganewa.

Sati biyun farko na karanta kowane littafi, guda arba'in da biyu kullum. Me ke ciki? "Mun gode." "Ya manta kwalbar ruwa." "A raba shi zama da ɗan wance." Wata uwa ma tambayata ta yi inda na sayi jakata. A sati na uku na je wurin mai sassaƙa hatimi a bayan tasha, ya yi min guda mai kalma biyu: NA GANI. Da an fita hutun safe sai in jibge littattafan a tebur, hagu na buɗewa, dama na bugawa, baki na hira da malamar aji uku. Minti biyar na gama. Sauran malamai suka ga dabara, kowa ya je ya yo nasa.

Auta doguwa ce, ta fi kowa tsawo a ajin, ni kuwa da tsawo nake rabon kujera. Sai ta samu ta ƙarshe, jikin tagar da ke kallon titi, inda injin niƙa ke ruri daga safe har a tashi. Duk tambayar da na jefa mata, sai ta yi firgigit ta ce, "Na'am?" Ba a jima ba yara suka laƙaba mata sunan, ni ma na kama. "Ke Na'am, hankalinki yana aji ko ya tafi niƙa?" Aji ya kwashe da dariya, ita ma ta ɗan yi, irin dariyar wanda bai san a kan me ake yi ba. A shifta ta kan ci biyu cikin goma, amma aikin gidanta tsaf, babu kuskure ko ɗaya. Na yanke hukunci cewa yayyenta ke yi mata.

Wata safiya na makara, ina sauri, sai ga Maman Auta ta fito daga shago da tef ɗin awo a wuya.

"Malama, minti ɗaya don Allah. Maganar Auta ce."

"Haba Maman Auta, har da ke? A gabanki fa aka kafa dokar nan. Ki rubuta a littafi."

"Na rubuta."

"To ai shi ke nan, na gani."

Ta dube ni ta ce, "To, Malama." Na shige get ina jin daɗin na tsaya a kan ƙa'ida.

Ƙarshen zango na biyu na zauna cike takardun sakamako. A ta Auta na rubuta: "Ba ta mayar da hankali a aji. Muna roƙon iyaye su riƙa duba littafin saƙo, su ba makaranta haɗin kai." Har layi na ja a ƙarƙashin "haɗin kai".

Da aka dawo hutu kujerar jikin taga ta zauna babu kowa. Kwana na uku Mai makaranta ta aiko in zo ofis. Na tarar da Maman Auta a zaune, ta zo karɓar takardar canjin makaranta. Tun kafin a tambaye ni na fara wanke kaina, ina lissafa irin ƙoƙarin da na yi a kan yarinyar. Ta bar ni na kai aya, sannan ta zaro littafin mai shuɗin bango daga jaka ta ajiye a tebur.

"Ba faɗa na zo ba, Malama. Ki karanta kawai. Amma a gabana."

Rubutun da fensir ne, ƙanana-ƙanana, irin na wanda ya saba rubuta awo a gefen takarda. Saƙon farko ranar Talatar sati na uku aka yi shi, washegarin da na sayo hatimi.

"Malama, barka da aiki. Auta ba ta ji da kunnen hagu tun wani zazzaɓi da ta yi tana shekara uku. Inda take zaune, kunnen mai ji yana wajen taga. Don Allah a dawo da ita gaba, yadda damanta zai fuskance ki. Ba ta so yara su sani, shi ya sa ban faɗa a taro ba."

A ƙasa, da shuɗin tawada: NA GANI.

Na buɗe gaba. "Malama, tuni nake yi a kan maganar kujera." NA GANI. "Ta ce yara suna kiranta da wani suna, ba ta son cin abinci in ta dawo." NA GANI. "Aikin gida ita ke yi da kanta, a teburina take zama." NA GANI. "Ko akwai dalilin da ya sa ba za a iya ba? In akwai ki gaya min, zan fahimta." NA GANI. Saƙo goma sha ɗaya na ƙirga, babu wanda ya tsira.

Mai makaranta ta ce, "Amma Maman Auta, me ya hana ki zo wurina?"

"Na zo sau biyu, ranki ya daɗe. Maigadi ya ce doka ce, in rubuta."

Saƙon ƙarshe ya fi sauran tsawo, kuma an danna fensirin har ya fito ta bayan takarda.

"Malama, zuciyata tana raya min ba kya karantawa. Idan zato na yi miki, ki yafe min. In kin karanta wannan, don Allah kada ki buga hatimi. Ki leƙo shago kawai idan an tashi."

Na buga. A karkace ma na buga shi, rabinsa ya hau kan rubutunta. Ina iya tuna ranar, labarin wani yadi malamar aji uku take ba ni.

Maman Auta ta karɓi takardarta, ta yi godiya, ta bar min littafin. Mai makaranta ta sa aka tattara hatiman malamai cikin leda, ta ce maganar ta tsaya a ofis. A nan ta tsaya, shi ya sa har yau ake nuna ni.

Sai da na kwana biyu ina bi ta bayan layi don kada in wuce ta gaban shagon. Rana ta uku bayan an tashi na daure na shiga. Maman Auta na kan keke tana ɗinka rigar makarantarmu, ta ɗan wani. Auta na zaune a teburin yanka tana aikin gida, sanye da yunifom kore wanda ban sani ba. Uwar ta ce sabuwar makarantar mota biyu ake hawa kafin a kai, kuma ajinsu ya haura sittin.

"Ranar farko na tsaya a bakin aji na gaya wa malaminsu," in ji ta. "Minti biyu bai cika ba ya ɗaga wani yaro ya zaunar da ita."

Na ce, "Maman Auta, na cuce ku. Ki bari ta dawo, wallahi da hannuna zan ɗauko kujerar."

"Ni kam na yafe, Malama. Dawowa kuma ita za ki tambaya."

Na matsa na durƙusa kusa da yarinyar. Na ba ta haƙuri a kan kujera, a kan sunan, a kan dariyar da na sa aka yi mata, a kan zargin aikin gida. Na daɗe ina magana, murya ƙasa-ƙasa don kada masu wucewa su ji. Ita kuwa rubutunta kawai take yi, ko ɗagowa ba ta yi ba. Har na fara cewa a raina yarinyar nan akwai riƙo, sai na ji keken ɗinki ya tsaya.

"Malama," in ji uwar a hankali, "ta hagunta kika tsaya."

Na miƙe da ƙyar, na zagaya teburin, na sake durƙusawa ta dama.

"Auta."

Ta ɗago nan take. "Na'am, Malama?"

"Za ki dawo ajina?"

Ta kalli uwarta, ta kalli get ɗinmu ta ƙofar shago, sannan ta dawo da idonta kaina. Babu fushi a fuskarta ko kaɗan, kuma wannan ya fi komai yi min ciwo.

"A can a gaba nake zama," ta ce, ta ci gaba da rubutunta.