Shaidar Rago a Fiffiken Jirgi

"Inna, ƙasan fiffiken za ki shafa, ba samansa ba. Wanda ke tsaye a ƙasa ai cikin jirgi yake gani."

Adama ta sake tsoma tsumma a gwangwanin jan fentin da ɗanta Saminu ke yi wa raguna shaida da shi in zai kai su kasuwar Mai'aduwa. Munzali mai gyaran rediyo, wanda katanga ɗaya ta raba su, yana zaune a tabarma da kumburarriyar ƙafa, yana faɗa mata yadda za ta yi. Ciwon suga ya ci idonsa, saura ɗan dishi-dishi. Ɗan jirgin saman da ya haɗa da farin soso da ƙaramin inji kuwa, da ya tashi sai ya saje da gajimare.

"Ƙato da kai, kana wasan yara," ta ce.

"Ke ma ga ki kina yi wa jirgi kwalliyar rago."

"Hannuna abin da ya saba ke nan."

Ta ja zane biyu da ɗigo, irin shaidar Saminu, a fiffiken dama, na hagu ta shafe shi da baƙin tukunya. Ya ce sau ɗaya kawai yake so ya ƙara ganinsa a sama kafin duhu ya gama rufe shi.

Da la'asar ta riƙo hannunsa har filin bayan unguwa, bakin gonakin gero. Ya ɗora yatsunsa a kan rimot, ita ta cilla jirgin yadda ya koya mata. Ya tashi yana ƙugi, jan nan ya fito raɗau.

"Ga shi can! Inna, ina ganinsa! Jan ya fito!"

Ta dube shi. Fuskarsa na kallon gabas, wajen wata shirwa. Jirgin kuwa ya yi arewa, yana ƙanƙancewa a kan gero.

"Ya yi kyau?"

"Ya yi kyau, ɗan nan."

Yana ta murmushi har ƙarar ta ɓace. Sai ya sauke rimot ɗin a hankali, ya ce, "Mu je gida." Bai tambayi jirgin ba, ita ma ba ta ɗago maganar ba.

Bai ƙara fita ba. Ƙafar ta ruɓe, aka kai shi asibiti, aka dawo da shi a naɗe.

Ana zaman makoki wani makiyayi ya yi sallama a ƙofar gidan Adama, da abu a hammata.

"Iya, a gona na tsinta. Na ga shaidar Saminu ce."

Ta karɓa. Ta jingine shi a jikin katangar da ta raba gidajen, fiffike ɗaya a karye. Yayyafi ya sauko, jan ya fara gangarowa ƙasa.