Nonon da Bai Hau Jirgi Ba

Kular ta shiga na'urar binciken kaya ta filin jirgi, ta leƙo ta ɗaya gefen, sai bel ɗin ya tsaya ya koma da ita ciki. Auta tana tsaye ba takalmi a kan tayil mai sanyi, hannunta dafe da mararta inda ɗinkin yake. Wata jami'a mai safar hannu ta ɗauke kular ta dire a kan teburin gefe.

"Ta wace ce wannan?"

"Tawa ce," in ji Auta.

Jami'ar ta buɗe murfin. Kwalaben roba ne jere a cikin ƙanƙara, farare sol, wasu cike, wasu rabi.

"Mene ne a ciki?"

"Nono."

"Na shanu?"

"Nawa."

Jami'ar ta ɗago ta dube ta, ta dubi bayanta, ta dubi babbar matar da ke tsaye kusa da ita riƙe da takalma ƙafa biyu. "Ina jaririn?"

"Wurinta za ni."

Haihuwar ta zo wa Auta ne a wata na bakwai, tana cikin aji tana rubutu a allo. Aka yi mata aiki, aka ciro 'ya mace wadda numfashinta bai daidaita ba. Asibitin garinsu ba su da kwalbar saka bakwaini mai aiki, don haka tun kafin Auta ta farfaɗo motar asibiti ta wuce da jaririyar babban birni, mijin Auta a gefenta. Ita kuma jininta ya hau, aka riƙe ta. Har yau ba ta taɓa 'yarta ba, a waya kawai take ganinta, ga bututu a hanci. Abu ɗaya ne ya rage mata da za ta iya yi, shi ne tatsa. Ta tatsa tana cije leɓe, ta tatsa har fatar ta tsage, yayarta tana kaiwa firiza. Da aka sallame ta likita ya hana ta doguwar tafiyar mota, shi ya sa mijin ya sayo musu tikitin jirgi, ya ce ta riƙo kular a hannu kada a jefar da ita cikin kaya.

"Malama, in akwai jariri a hannu ana wucewa da abincinsa," in ji jami'ar. "In babu, wannan ruwa ne kamar kowane ruwa. Kwalba ba ta wuce mililita ɗari, kuma duka sai sun shiga leda ɗaya. Naki sun fi haka."

Auta ta zaro wata kwalba ta ɗaga. "Wannan ko rabi ba ta kai ba."

"Girman kwalbar muke dubawa, ba abin da ke ciki ba."

Yaya ta matso. Wannan ne karonta na farko a filin jirgi, ta sha ado tun safe kamar za ta gaban hoto. Ɗazu aka kwashe mata man shafawa da turare da sabulun ruwa aka zuba a kwandon da ke ƙarƙashin tebur, ta ce an gode. Yanzu ma rusunawa ta yi wa yarinyar da ba ta kai ƙanwarta ba a shekaru.

"Don Allah ki yi haƙuri, 'yar nan. Mai jego ce, ba ta da lafiya sosai. Ki taimaka mana."

"Haƙurin me kike ba ta, Yaya? Me na yi mata?"

"Auta, sassauta murya."

"Ba zan sassauta ba. Ki kira mini wanda ya fi ki," ta ce wa jami'ar.

Layi ya taru a baya. Wani mai kwat, jakar kwamfuta a kafaɗa, ya duba agogo ya ja tsaki. Auta ta juyo gaba ɗaya, abin da ya sa ɗinkin ya soke ta.

"Kai kuma me ya faru? Nonon da ka sha ne aka tsare?"

Mutumin ya mayar da idonsa kan wayarsa.

Shugabansu ya iso, dattijo mai furfura a gemu da na'urar magana a ƙirji. Ya saurare ta har ta kai aya, bai katse ta ba. Sannan ya ɗauki kwalba ɗaya ya girgiza. Abin ciki ya motsa.

"Da a daskare yake kamar dutse, da na duba abin da zan iya yi. Amma ya fara narkewa."

"A layinku ya narke. Tun yaushe muke tsaye, ƙofa ɗaya kuka buɗe wa jama'ar nan duka?"

"Gaskiya ne. Kina da takardar likita?"

"Ga takardar likita." Ta nuna cikinta. "Ko in buɗe maka ka ƙirga zaren?"

Yaya ta ce, "Subhanallah," can ƙasa-ƙasa.

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce akwai na'urar gwada ruwa amma ta lalace, an rubuta an aika, shiru. Ya ce da sun zo da wuri da an saka kular cikin kayan ƙarƙashin jirgi, amma an rufe karɓar kaya. Kowace magana ya faɗa da ladabi, kuma ladabin ne ya fi ƙona wa Auta rai. Da zaginta ya yi, da ta san abin da za ta yi da shi.

"Tsoronku kada ya zama guba ko abin fashewa, ko ba haka ba?" Ta murɗe murfin kwalbar da ke hannunta ta kafa a baki. Sanyin ya sauka har cikinta, zaƙi-zaƙi, ga ƙarni kaɗan. Ta goge baki da bayan hannu. Mazan da ke layi kowa ya samu wurin da zai kalla. "Ga shi na sha. Na mutu?"

"Mun daina karɓar ɗanɗanawa, Malama. Dokar ta canza."

Ta cikin gilashin da ke bayansa tana hango shaguna. Manyan kwalaben turare suna walƙiya a kanta, ga firij cike da ruwan gora da lemo. Ta nuna da yatsa.

"Waɗancan fa? Kowace ta ninka tawa. In na saya zan shiga jirgi da ita?"

"Waɗancan an tantance su."

"To ni wa zai tantance ni?"

A ɗaya teburin wata mata ta wuce da goyo, jakarta cike da fida da filas na ruwan zafi, ba wanda ya ce mata uffan. Yaron ya tsala kuka. Kafin Auta ta ankara ƙirjinta ya tsatstsafo, gaban rigarta ya jiƙe gida biyu. Ta ja gyale ta rufe. Mai goyon ta gani, ta dawo da baya.

"Yallaɓai, a ba ni kular mana. Ni ina da yaro, sai a ce nasa ne."

"Baiwar Allah, a gabana kika faɗa," in ji dattijon. "Ba a riƙe wa wani kaya a nan. Ki wuce kawai."

Jami'ar mai safar hannu ta jawo kwandon da ƙafarta, ta tura shi kusa da tebur. Ya cika da man goge baki, da man gashi, da gorunan ruwa da aka sha rabi. Ta miƙa hannu wajen kular.

Auta ta daki teburin da tafin hannu har farantan roba suka yi tsalle. "Kada ki taɓa!"

Wani ɗan sanda da ke jingine da ginshiƙi ya miƙe tsaye sosai, ya fara takowa. Dattijon ya ɗaga masa hannu ya dakata, sannan ya rage murya.

"Malama, ki saurare ni. In kika sake yin haka, ba nonon kaɗai zai rasa jirgin nan ba. Ba na son ya kai can."

Yaya ta riƙo hannunta. "Auta, bar shi. Ai wani zai zo. Kina zuwa can ki ci ki sha, sai ki ga ya cika. Nono ne fa kawai."

"Nono ne kawai?" Auta ta fizge hannunta. "Ke me kika sani a kansa? Kin taɓa yi?"

Maganar ta riga ta fita. Yaya ba ta taɓa haihuwa ba. Ita ta goyi Auta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta kai ta makaranta da ribar shagon kwanuka, ita take kwana a ƙasan gadon asibiti tun ranar aikin. Ta sunkuya ta ajiye wa Auta takalmanta a gaban ƙafafunta, ta juya su yadda za ta zura ba tare da ta duƙa ba.

Lasifika ta kira jirginsu, kira na ƙarshe.

Yaya ta karɓi kwalbar da aka sha, ta ɗaure murfin ta mayar, ta gyara ƙanƙarar, ta rufe kular ta rungume.

"Yallaɓai, in na koma da ita waje ai babu laifi ko?"

"Babu."

"To. Auta, wuce. Ni zan bi mota."

"Yaya, yini guda ne a hanya. Tikitinki fa?"

"Jirgin ba zai ƙare ba. Wuce, 'yarki na jira."

Auta ta so ta ce wani abu, amma abin da ke bakinta har yanzu faɗa ne. Ta zura takalma ta wuce. Da ta waiga, Yaya tana ratsa layi tana ba kowa haƙuri, kular a ƙirjinta.

A cikin jirgi kujerar gefenta ta zauna babu kowa. Ma'aikaciya ta miƙo mata ruwa a kofin roba, ta ce ba ta sha.

Mijinta yana jiranta a barandar sashen jarirai, ya rame, rigarsa duk ta yamutse. Ya duba bayanta.

"Ina Yaya? Ina kular?"

"Ka tambayi wanda ya ce in riƙo a hannu."

"Wallahi ban san..."

"Ai ba ka taɓa sani ba. Ina 'yata?"

Wata nas mai ƙiba ta sa ta wanke hannu har gwiwa, ta ba ta riga da hula. Tana ɗaura mata igiyar rigar, Auta tana ba ta labarin filin jirgi, ta ce amma nonon yana hanya, zuwa gobe da safe an same shi.

Nas ɗin ta tsaya. "Ya narke?"

"Ya fara."

"Ayya, Maman bebi. Irin waɗannan jariran ba ma ba su nonon da ya narke a hanya. Cikinsu bai yi ƙwari ba, ƙwayar cuta ɗaya ta isa."

"Ko da na zo da shi a jirgin?"

"Ko da. Wanda aka tatsa a nan muke so, mu ajiye da kanmu. Ba a gaya miki ba?"

Ba wanda ya gaya mata. Auta ta juya ta kalli mijinta ta gilashin ƙofa, shi ma ita yake kallo, bai ji abin da aka ce ba. Ta nemi wanda za ta yi wa ihu, ɗakin kuwa babu kowa sai jarirai a kwalabe da ƙarar na'urori.

Tata tana kwalbar ƙarshe, kusa da taga. Ba ta fi tsawon hannun Auta daga gwiwa zuwa yatsa ba. Auta ta zura hannu ta ƙaramar kafar da ke gefe ta taɓa tafin ƙafarta. Ƙafar ta noƙe, sannan ta dawo ta tokare yatsan.

Aka zaunar da ita bayan labule ta tatsa. Nas ta zuƙi ɗan kaɗan a sirinji, bai fi cokali ba, ta haɗa da bututun hancin ta tura a hankali.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan na yanzu. Anjima kuma."

Da ta fito baranda, la'asar ta yi. Tana cikin gaya wa mijinta abin da nas ta ce, wayarta ta yi ƙara. Ta ɗauka. Hayaniyar tasha da hon ɗin motoci suka cika kunnenta.

"Auta, kin gan ta?"

"Na gan ta, Yaya."

"Alhamdulillahi. Mun tsaya shan mai, na samu ƙanƙara na ƙara. A cinyata take tun da muka taso, ƙafafuna duk sun mutu. Kwandasta ya ce sai dai a saka ta a but, na ce masa sai dai ya saka ni tare da ita. Auta, yau na yi faɗa. Har direba sai da ya sa baki." Ta yi dariya. "Ko ɗigo bai zube ba."

Auta ta jingina da bango. Mijin yana yi mata alama da hannu, ta juya masa baya.

"Ki riƙe da kyau, Yaya. Muna jiranki."

"To, ga shi za mu tashi."

"Yaya."

"Na'am?"

"Kin ci abinci?"

"Zan ci. Kashe, kada kuɗinki... au, ni na kira." Ta kashe.

Mijin ya matso. "Ba ki gaya mata ba?"

"In ta iso, kai za ka tare ta a bakin ƙofa. Ka karɓi kular da hannu biyu, ka yi mata godiya, ka shigo da ita ciki."

"Sannan in yi yaya da ita?"

"Wannan kuma ruwanka. Amma in ta ji daga bakinka, ni da kai ne."

Ta gyara hular a kanta, ta koma wajen famfo ta fara wanke hannu.